Yadda Masu Saye Za Su Gano Shafin Ɗan Kasuwar Potiskum a Intanet

Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Potiskum, wanda kuwa ya san Potiskum ya san ranar Laraba. A wannan rana ce kasuwar kara ta garin, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, takan cika ta batse, a yi ta loda shanu da tumaki da awaki a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Ga kuma kasuwar hatsi, inda gero da dawa da wake suke fita buhu-buhu. Tun kafin a yanki Jihar Yobe daga Jihar Borno cikin 1991 garin ya yi suna wajen ciniki, har yau kuwa bai ja da baya ba.

Abin da ya sake cikin 'yan shekarun nan shi ne yadda baƙo yake neman wanda zai yi hulɗa da shi. A dā sai ya sauka tasha, ya nemi fatomansa, fatoma ya haɗa shi da dillali. Yanzu kuwa tun yana gidansa a Ibadan ko Anaca zai ɗauko wayarsa ya rubuta abin da yake bukata a Google. Wannan ne ya sa waɗansu dillalai, da masu hatsi, da masu motocin ɗaukar kaya, da masu masaukin baƙi suka biya kuɗi aka buɗe musu shafi a intanet. Amma sau da yawa shafin yakan zauna shiru kamar rumfar da aka kafa a bayan gari, in an bincika ba ya fitowa. Hasarar nan kuwa biyu ce. Kuɗin da aka kashe ya tafi, sa'an nan mai saye ya faɗa hannun wani, wani lokaci ma hannun macucin da zai karɓi kuɗin kafin alƙalami ya yi layar zana, ya bar sunan kasuwa cikin zargi.

AIKIN INJIN BINCIKE

Kafin a yi maganar magani, ya kamata a san yadda injin bincike yake aiki. Kamfanin Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka cikin 1998, ayyuka uku yake yi a jere. Na farko, yana da wata manhaja mai suna Googlebot, wadda take yawo dare da rana kamar ɗan aike, tana bin mahaɗai daga wannan shafi zuwa wancan. Na biyu, abin da ɗan aiken nan ya karanto ana tace shi a shigar da shi cikin wani makeken kundi. Na uku, idan mutum ya yi tambaya, sai injin ya duba kundin ya jero amsoshi, wadda ya ga ta fi dacewa ita ce a sama. Shafin da ɗan aike bai kai gare shi ya karanta ba, da wuya ya sami gurbin kirki a kundi, wanda kuwa ba ya cikin kundi ba zai taɓa fitowa a jeri ba, ko da an ƙawata shi da ruwan zinariya. Saboda haka gyara daga ƙofa yake farawa.

A BUƊE WA ƊAN AIKE ƘOFA

Mai shafi yana iya gwada halin da yake ciki da kansa. Sai ya rubuta site: a gurbin bincike na Google, ya bi shi da adireshin shafinsa ba tare da barin fili ba. Idan ba abin da ya fito, to, akwai alamar shafin bai shiga kundi ba.

Abubuwa biyu ne suka fi jawo haka. Akwai wani ɗan fayil mai suna robots.txt, wanda aka fara amfani da irinsa tun 1994, aikinsa shi ne gaya wa ɗan aike inda zai shiga da inda ba zai shiga ba. Layi guda da aka rubuta bisa kuskure a cikinsa ya isa ya rufe shafin baki ɗaya. Akwai kuma wata alama da ake kira noindex, wadda magina sukan sa lokacin da suke cikin aiki don kada a ga ginin da bai ƙare ba. In an manta ba a cire ta ba, sai injin ya ci gaba da kau da kai. Waɗanda aka gina musu shafi da WordPress su duba sashen saitin karatu, domin akwai wani ɗan akwati a can da in an yi masa maki yakan sa wannan alama.

Bayan an buɗe ƙofa, sai a yi rajista da Google Search Console, wanda kyauta ne. A nan ne mai shafi zai ga waɗanne shafukansa aka shigar, waɗanne aka bari, da dalilin barinsu, har da kalmomin da mutane suka rubuta kafin su iso gare shi. A nan kuma ake miƙa taswirar shafi, watau fayil ɗin da ya jero adireshin kowane ɗaki na gidan. Google ya fito da wannan tsari cikin 2005, kuma taswira guda tana iya ɗaukar adireshi har 50,000, abin da ya fi ƙarfin bukatar kowane ɗan kasuwa a garin.

KIRA KAYA DA SUNANSA

Injin bincike rubutu yake karantawa, don haka shafin da bai faɗi abin da yake sayarwa ba ya cuci kansa. Mutane da yawa sukan sa wa shafin farko take irin su "Barka da zuwa", alhali kuwa ba mai sayen da zai rubuta haka yana neman rago. Taken da ya dace shi ne wanda ya ambaci kaya da gari, kamar a ce "Ragunan Balami da Uda a kasuwar Potiskum". Kowane shafi ya sami nasa take, kada a maimaita guda a ko'ina. Mai shanu ya ware shafi ga Bunaji, wani ga Rahaji, wani ga Wadara, ya bayyana yadda ake ciniki, da yadda ake lodi, da takardun da mota take bukata a hanya. Mai hatsi ya faɗi irin buhunsa da nauyinsa, ya kuma sa ranar da ya rubuta farashi, tun da farashin kaka daban yake da na bazara.

Kada a ɗauki hoton takardar farashi a liƙa, a ce an gama. Farashi da lambar waya da adireshi a rubuta su da haruffa sosai. Kowane hoto kuma a yi masa ɗan bayani a gurbin da aka tanada, domin injin ya san abin da ke ciki, makafin da manhaja take karanta musu shafi su ma su amfana. Haka nan a sani, abin da aka aika ta WhatsApp tsakanin mutum da abokan cinikinsa yake tsayawa, injin bincike ba ya ganinsa.

MAGANAR HARSHE

Potiskum gari ne na Ngizimawa da Karekare da Bolewa da Fulani da sauransu, Hausa ce take haɗa su a kasuwa, mai saye daga Kudu kuwa galibi da Turanci zai bincika. Wanda yake son ɓangarorin biyu, to, ya yi shafin Hausa daban, na Turanci daban, kowanne da adireshinsa, kada ya cakuɗa su wuri guda, domin Google daga rubutun da ke bayyane yake gane harshen shafi. Sa'an nan magini ya haɗa su da alamar hreflang, ya sa ha ga na Hausa, en ga na Turanci.

Sunan garin ma ana rubuta shi iri-iri: Potiskum, Pataskum, Fataskum. Babu laifi a ambaci sauran sau ɗaya a shafin gabatarwa, amma a riƙe guda a take. Game da haruffa masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ, a wurin kwamfuta kowannensu harafi ne mai zaman kansa, dabam da k da d da b. A cikin bayani a rubuta su daidai, a kuma tabbata an saita shafin bisa tsarin UTF-8 don kada su rikiɗe su zama tarkace. Amma a adireshin shafi gara a yi amfani da haruffa marasa lanƙwasa, saboda masu lanƙwasa sukan juye su zama dogon jerin lambobi in an kwafa, ga kuma wuyar bugawa a waya.

WAYA CE MA'AUNI

Magini yakan nuna wa mai shafi aikinsa a kan babbar kwamfuta, a ga ya yi kyau, a biya shi. Amma Google ya fara komawa auna shafuka bisa yadda suke a wayar hannu cikin 2018, ya kuma ba da sanarwar kammala wannan ƙaura cikin Oktoba 2023. Ke nan abin da ba ya fitowa a waya kamar babu shi ne. Mai shafi ya buɗe shi a ƙaramar waya, a cikin kasuwa ranar Laraba sa'ad da layi ya cushe, a nan ne zai ga gaskiyar lamari.

Google yana da ma'auni uku na lafiyar shafi. Babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. In an taɓa maɓalli, shafin ya amsa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, wannan ma'auni kuwa cikin Maris 2024 aka shigo da shi a madadin wani tsoho. Na uku, kada rubutu da hotuna su riƙa zamewa suna tsalle sa'ad da shafi yake buɗewa. Abin da ya fi nauyaya shafukan 'yan kasuwa shi ne hotuna, domin akan ɗora su yadda waya ta ɗauko su, kowanne da nauyin megabayit da dama. A rage girmansu, a mai da su tsarin WebP. Wannan zai sauƙaƙa buɗewa, ya kuma rage wa mai saye cin data. Akwai PageSpeed Insights, inda ake gwada saurin shafi kyauta.

AMANA DA MALLAKA

Adireshin shafi ya fara da https. Tun 2014 Google ya ce yana la'akari da haka wajen jeri, daga Yuli 2018 kuma manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da wannan kariya tambarin rashin tsaro. Wa zai aika kuɗin tirelar shanu ta irin wannan shafi? Takardar shaidar tsaron kuwa ana samunta kyauta daga Let's Encrypt.

Sunan shafi, ko mai ƙarewa da .ng ne ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA take kula da rajistarsu, lalle ne a yi shi da sunan mai kasuwa, da lambar wayarsa da imel ɗinsa. Idan magini ya yi da nasa sunan, ran da aka ɓata ko ya bar gari, gida ya zama nasa. A kuma kiyaye ranar sabuntawa, domin sunan da wa'adinsa ya ƙare wani yana iya saye. In an sake wa wani shafi adireshi, a sa umarnin juyawa mai lamba 301 daga tsohon zuwa sabon, don kada baƙo ya tarar da lamba 404, watau babu kowa a gida.

Mai shago ko masauki kuma ya buɗe Google Business Profile, shi ma kyauta ne, shi ne yake sa wuri ya fito a taswira. Suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a can, da shafin, da Facebook.

HATTARA DA MASU ALKAWARI

Akwai masu zuwa su ce in an ba su kaza za su kai shafi lamba ɗaya cikin mako guda. Google da kansa ya yi gargaɗi cewa ba wanda zai iya ba da tabbacin haka. Dabarunsu tsofaffi ne. Cusa kalmomi a ɓoyayyen gurbin kalmomi, tun 2009 kamfanin ya ce ba ya duba wannan gurbi wajen jeri. Sayen mahaɗai barkatai daga shafukan banza kuwa, saboda shi aka fito da gyaran da ake kira Penguin cikin 2012, wanda ya durƙusar da shafuka masu yawa. Mahaɗar da take da daraja ita ce wadda ta zo ta halal, daga ƙungiyar 'yan kasuwa, ko jarida, ko abokin hulɗar da ya ji daɗin ciniki. Ko amsoshin da Google ya fara haɗawa da ƙirƙirarriyar basira a saman jeri cikin 2024, daga shafukan da ke cikin kundi suke ɗebo bayani.

Aikin nan watanni yake ɗauka kafin a ga amfaninsa, sannu ba ta hana zuwa. Mafi yawansa kuma ba kuɗi yake ci ba, kula yake bukata. Ga matasan garin, musamman ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum, wannan sana'a ce a ƙofar gida, in sun riƙe ta da gaskiya. Shi kuwa mai shafi, kafin ya biya ragowar kuɗin magini, ya nemi a nuna masa abu huɗu da idonsa: shafin a cikin kundin Google, rajistar suna da sunansa, https a adireshi, da shafin yana buɗewa da sauri a wayarsa. In waɗannan sun cika, saura ya rage ga kyawun kaya da riƙon amana, waɗanda da ma su ne suka ɗaukaka kasuwar Potiskum. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.