KAFIN A KIRA GONA "OGANIK", A KOYA WA YARA DUBA LITTAFIN LISSAFINTA



Kwanakin baya wasu ɗalibai masu karatun aikin gona suka zo ɗan wurin kiwona a nan Bagwai, kusa da dam ɗin Watari. Da suka ga ina zuba kashin kaji a lambu, ina kuma ban ruwa da ruwan da na sauya daga tankin tarwaɗa, sai ɗaya ya ce: "Malam, ai wannan gonar oganik ce, mai ɗorewa!" Har ya fara rubutawa. Na ce masa, "Ɗana, tsaya tukuna. Ka tambaye ni nawa na kashe bana, nawa kuma na samu?" Sai ya yi shiru.

Ba laifinsa ba ne. An koya masa sunan abu, ba a koya masa yadda ake auna shi ba. Ni kuwa a ganina, rashin sinadari daban, ɗorewa daban. Gona tana iya rabuwa da takin zamani da maganin feshi gaba ɗaya, amma ta durƙushe cikin shekara biyu saboda bashi. To ina ɗorewar?

Da ni ake tambaya, duk ɗalibin da za a tura gona, daga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Dambatta ne ko daga Jami'ar Bayero, sai ya dawo da amsar tambayoyi huɗu.

Na farko, abinci daga ina yake? A kiwon kaji, abinci ne ke cinye wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa. Wanda yake sayen komai buhu-buhu, ranar da masara da waken suya suka tashi, shi ma ya tashi. Wanda yake noma ko da rabin masararsa, yana da inda zai jingina.

Na biyu, ina kashin yake zuwa? Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa ganyen da ake ci ɗanye irin su latas. Sai an tara shi da ɓuntun shinkafa, ana jujjuyawa har ya ruɓe ya huce, sannan ya zama taki. Ɗalibi ya sa hannu a tarin ya ji da zafi ko babu, kada ya tsaya a "na ga ana amfani da takin gargajiya".

Na uku, ruwa. Mu nan Allah ya ba mu Watari, amma ba kowa ke bakin hanyar ruwa ba. Mai jan ruwa da injin, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san abin da ake ciki. A lissafa litar man da ake ƙonawa daga zuba 'ya'yan kifi har zuwa kwashewa. A kuma duba: ruwan da aka sauya, lambu yake shiga ko kwararo, maƙwabta na shan wari?

Na huɗu, lafiya. Wasu sun ɗauka oganik na nufin babu rigakafi. Wallahi wannan fahimtar ta kashe jarin mutane. Ko a Turai da Amurka, ƙa'idojin irin wannan kiwo sun yarda da rigakafi. Abin da ake gudu shi ne ɗura wa kaji magani kullum ba ciwo, ko sayar da su maganin bai bar jikinsu ba. Wanda ya ga ɓarnar murar tsuntsaye a Kano a 2006, ba sai an yi masa wa'azin tsafta da hana baƙi shiga ɗakin kaji ba.

Na san wani zai ce, iyayenmu sun yi noma da taki shekara da shekaru ba su riƙe littafi ba. Gaskiya ne, har yau da rani za ka ga ana kai taki gona a amalanke da jakuna. Amma su ba su ci bashi suka sayi 'yan tsaki 200 ba, kuma lissafinsu yana rumbu: in hatsi ya kai su wata damina, sun san an dace. Kai da ka sa kuɗin sayar da babur ɗinka, rumbunka shi ne littafi.

Don haka kai mai shirin farawa, ka ɗauki kanka ɗalibi. Kafin ka kwaikwayi gonar da ka gani a Facebook, je ka da ƙafarka. Tambayi mai ita kaji nawa suka mutu a zubin baya, wa ke sayen kayansa, kuma shin a kasuwa ana ƙara masa ko naira ɗaya don ya ce ba sinadari. In ya kauce wa amsa, ka samu amsarka.

Ɗaliban nan dai na ba su littafina suka duba, har da watan da na yi asara. Na fi son su ga wannan da su ɗauki hoton ganye.

Allah ya sa albarka a neman kowa.