“Ƙaddara ce” ba ta dawo da kafin alƙalami

1/ Ku zo mu yi magana kan wani sakin layi da ke can ƙasan takardar yarjejeniya, wanda ba mai karantawa sai ranar da rigima ta tashi. A takarda za ku ga an rubuta sunansa da Faransanci, force majeure. Mu kira shi sharaɗin abin da ya fi ƙarfi. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Ma'anarsa dai: ni da kai mun ƙulla ciniki, sai wani abu ya faɗo wanda ba ni na jawo shi ba, ban hango shi ba, kuma ya hana ni cika alkawari kwata-kwata. Ambaliya, yaƙi, gobara, annoba, ko gwamnati ta kulle gari. Sharaɗin ya ce ba za a kama ni da laifin saɓa alkawari ba.

3/ Abin da ke damuna shi ne mun mayar da “ƙaddara ce” mabuɗin fita daga kowane bashi. Tela ya faɗa, mai hoto ya faɗa, mai abincin biki ta faɗa, manyan kamfanoni ma su faɗa da turancinsu. Imani da ƙaddara wajibi ne, ba musu. Amma ba ta amsa tambayar da ake faɗa a kanta: asarar nan a aljihun wa za ta kwana?

4/ Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba: a Najeriya doka ba ta ba ka wannan sharaɗi kyauta. Dokar kwangilarmu gadon Ingila ce, kuma a can abin da kuka rubuta shi kotu ke dubawa. In ba ku rubuta sharaɗin ba, to babu shi. In kun rubuta, iyakarsa kalmomin da kuka sa.

5/ A Faransa ba haka ba ne. Yana cikin kundin dokarsu tun asali, yanzu a sashe na 1218 bayan gyaran 2016, don haka ko ba a rubuta ba yana aiki. 'Yan uwa na Nijar, dokar hulɗar jama'arku daga wannan tushe ta fito, kun ɗan fi mu sauƙi a nan.

6/ Da can ma Turawan Ingila ba sa jin uzuri ko kaɗan. Akwai shari'ar 1647 ta wani ɗan haya da sojoji suka kora daga gonar da ya kama lokacin yaƙin basasarsu. Ya ce ta yaya zan biya hayar gonar da aka raba ni da ita? Kotu ta ce biya za ka yi, ai da ka so sai ka rubuta uzurin tun farko.

7/ Sai a 1863 aka sassauta. Wani ya kama hayar zauren kiɗe-kiɗe a Landan na kwana huɗu, kafin ranar farko zauren ya ƙone ƙurmus, ba laifin kowa. Alƙali ya ce tunda abin da aka ƙulla ciniki a kansa ya gushe, kowa ya kama gabansa. Wannan ƙa'ida tana aiki a kotunanmu har yau, amma ƙofarta ƙunci gare ta sosai.

8/ Ga shari'ar da na fi so, don ta gyaɗa ce. A watan Oktoban 1956 wani kamfani ya sayar da tan 300 na gyaɗar Sudan, zai ɗora a jirgin ruwa daga Fot Sudan zuwa Hambag ta Jamus. Kowa ya san ta mashigin Suwez za a bi. Ƙarshen Oktoba yaƙi ya ɓarke a Masar, farkon Nuwamba aka rufe mashigin.

9/ Hanya ɗaya ta rage: a zagaye Afirka gaba ɗaya ta can ƙarshen kudu. Tafiyar ta fi ninki biyu, kuɗin jirgi ya ninka. Mai gyaɗa ya ce shi kam ya fasa, abin ya fi ƙarfinsa. Kuma fa akwai sharaɗin a takardarsu, har da ambaton yaƙi.

10/ A 1961 kotun ƙoli ta Ingila ta ce a'a. An hana ka loda gyaɗa a jirgi? Ba a hana ka ba. Akwai wata hanya? Akwai. Gyaɗa za ta lalace a doguwar tafiya? Ba za ta lalace ba. To tsada ce kawai ta same ka, kuma tsada ba uzuri ba ce. Ya biya diyya.

11/ Ku tsaya a nan kaɗan. Yaƙi fa aka yi, na gaske, har da jiragen ruwa da aka nutsar a mashigin. Duk da haka kotu ba ta tambayi girman masifar ba. Tambayarta ɗaya: ta hana ka yin aikin, ko ta rage maka riba ne kawai? Wannan bambancin shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya.

12/ Yanzu ku kawo shi gida. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, komai ya tashi. Mai abinci ta karɓi kuɗin girkin mutum ɗari biyu, saura sati biki ta ce shinkafa ta hau, ko a ƙara ko ta fasa. Ina tausaya mata wallahi. Amma wannan labarin mai gyaɗa ne. Roƙon sassauci za ta yi, ba haƙƙi take nema ba.

13/ Shi kuma tela mai cewa “ba wuta” jajibirin sallah, don Allah. A ƙasar nan wa ɗauke wuta ya taɓa zo wa da bazata? Abin da kowa ya san yana faruwa kullum ba ya shiga wannan layi. Haka ruwan sama a Agusta. Wanda ya kafa rumfar biki a fili tsakiyar damina ya san da wa ya yi alkawari.

14/ Kullen korona na 2020 kuwa daban ne. Gwamnati ce ta hana taro, zauren biki ba zai buɗe ba ko mai shi ya so. A nan uzuri ya tabbata. Amma ku tuna faɗan da aka riƙa yi: ango ya ce a dawo da kafin alƙalami, mai zaure ya ce na riga na kashe. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma ba abin da aka rubuta. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan haka.

15/ Manyan kamfanoni ba sa wannan sakaci. Shell ta sha ayyana shi kan ɗanyen man Forcados da Bonny in an fasa bututu. NLNG ta ayyana a Oktoban 2022 da ambaliya ta taɓa masu kawo mata iskar gas. Suna iya yi ne don lauyoyinsu sun zauna tun ana lafiya sun jera masifun ɗaya bayan ɗaya.

16/ Inda nake jin haushi shi ne in babba ya rubuta wa ƙarami. Duba takardar kamfanin data, ko na aika kaya, ko fom ɗin hayar ɗakin ɗalibai. Sau da yawa sharaɗin gefe ɗaya yake karewa. Su in abu ya same su an yafe musu, kai in abu ya same ka kuɗinka ya tafi. Har su ƙara da “da duk wani abu makamancin haka”. Wane abu kenan? Duk wanda suka ga dama.

17/ Wani zai ce wannan ai boko ne, mu amana muka sani. To ku koma Risala da aka karantar da mu a islamiyya. Malikiyya sun yi maganar ja'iha: ka sayi 'ya'yan itace suna kan bishiya, sai ƙanƙara ko fara ta cinye. In ɓarnar ta kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye, a rage maka kuɗi daidai ɓarnar. In ba ta kai ba, kai za ka ɗauka.

18/ Kun ga? Malaman da suka fi mu sanin ƙaddara ba su tsaya a “Allah ya kawo” ba. Sun sa ma'auni, sun faɗi wa zai ɗauki nawa. To mu da muke ciniki a WhatsApp me ya hana mu?

19/ Ba sai ka ɗauko lauya don ɗinkin kala uku ba. Amma in kuɗi ya yi nauyi, kamar zaure, abinci, hoto, ko sarin kaya daga Legas, ku rubuta ko a saƙo ne: waɗanne abubuwa ne uzuri, da sunansu. Cikin kwana nawa za a sanar da ɗayan. Mai ɓoye matsala sai ranar biki bai cancanci uzuri ba.

20/ Mafi muhimmanci, kuɗin da aka riga aka bayar. A ɗage rana ne? Har zuwa yaushe? In an fasa, nawa zai dawo, nawa mai aiki zai riƙe na abin da ya kashe da shaida? Na san da nauyi ka ce wa yayar ƙawarka “Anti, mu rubuta”. Ce mata don ita ma ta samu kariya ne, kuma gaskiya ka faɗa, tunda sharaɗin gefe biyu zai kare.

21/ Masu sana'a kuma, in tashin farashi kuke tsoro, wannan sharaɗi ba zai cece ku ba. Wani layi daban za ku sa: farashin nan na kwana kaza ne, in buhu ya haura kaza za a sake lissafi. Ku faɗa kafin ku karɓi kuɗi, mai biki ya yarda ko ya nemi wani.