Ku daina rubuta wa ƙannenmu dubwar

Ƙanwata tana ajin ƙarshe a lise, bana za ta zauna bak. Ran nan ta turo mini hoton takarda ta WhatsApp: "Yaya, don Allah ka yi mini sharhin waƙar nan kafin Litinin." Waƙar Victor Hugo ce, wadda ya yi wa ɗiyarsa Léopoldine da ta nutse a kogin Sen a 1843. Na ƙi. Kwana biyu ko gaisuwa babu.

Ku ƴan jami'a masu karɓar dala ɗari ko jika kuna rubuta wa yaran lise dubwar, da ku nake. Wai taimako! Na ga irin aikin naku: gabatarwa guda ce kuke juya wa kowace waƙa, ku jera sunayen adon magana kamar mai kasa tumatir, ku rufe da cewa mawaƙin gwani ne. Yaro ya kwafe, malam ya ba da maki, alhali ba wanda ya saurari waƙar. To ranar bak fa? Ba yaya, ba waya, sai shi da farar takarda.

Da na je gida hutu, na sa ta karanta waƙar da ƙarfi har sau uku, ta ƙirga gaɓoɓi da yatsa: 12 a kowane layi. Wannan bai ba ta wuya ba. Yarinyar da ta tashi tana jin almajirai na rera Imfiraji na Aliyu Namangi a ƙofar gida, ai kunnenta ya san kari da amsa-amo tun kafin ta taka lakwal. Ba a dai taɓa gaya mata cewa wannan ma ilimi ba ne.

Sai na tambaye ta: ina mutumin nan za shi? Ta ce wurin budurwarsa. Na ce sake duba baitin ƙarshe. Ta yi shiru, can ta ce: "Ashe kabari za shi!"

Na ce to rubuta hakan. Jimlar farko ta faɗi abin da kika gano, ki kawo kalmomin da suka yaudare ki, sannan ki nuna inda asiri ya tonu. Sakin layi ke nan.

Ya fito layi bakwai, da kuskuren nahawu huɗu. Su kaɗai na gyara mata.