Shari'ar Yara: Nauyin Da Ke Wuyan Lauyan Gwamnati

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa da wasu laifuffuka masu alaƙa da zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar. Da yawa daga cikinsu yara ne da aka kwaso daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa, waɗanda suka shafe kusan wata uku a tsare. Ana cikin zaman kotun, huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi. Kotu ta ba da belin mafi yawan waɗanda aka gurfanar a kan naira miliyan 10 kowanne.

Hotunan yaran, ramammu, sun karaɗe ƙasar nan da ma ƙetare kafin faɗuwar rana. Antoni-Janar na Tarayya kuma Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, ya umarci 'yan sanda su miƙa wa ofishinsa fayil ɗin shari'ar. Ranar Litinin, 4 ga wata, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Washegari Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Tarayya ya janye tuhumar, kotu ta sallame su, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya karɓe su a Fadar Shugaban Ƙasa ya danƙa su ga gwamnonin jihohinsu.

An yaba wa gwamnati da ta gyara kuskuren cikin kwana huɗu, yabon kuma ya dace. Sai dai ikon da aka yi amfani da shi ranar 5 ga Nuwamba yana nan tun watan Agusta. Sashe na 174 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Antoni-Janar ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wata hukuma, ko janye ta kafin a yanke hukunci, ya kuma wajabta masa ya duba maslahar jama'a da adalci da hana wasa da tsarin shari'a. Sashe na 211 ya ba takwarorinsa na jihohi irin wannan iko. Kafin yaro ya tsaya gaban alƙali, sai wani jami'i ya karanta fayil ɗinsa, ya zaɓi tuhuma, ya zaɓi kotu, ya sa hannu. Wannan jami'i shi ne mai gabatar da ƙara, ko lauyan Ma'aikatar Shari'a ne shi ko lauyan rundunar 'yan sanda, kuma a kan teburinsa ne shari'ar yaro take gyaruwa ko take ɓaci.

Doka ba ta bar shi cikin duhu ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 204 ya hana a bi da yaro ta hanyar shari'ar laifuka ta manya, ya ce tsarin shari'ar yara kaɗai za a bi. Dokar ta kafa Kotun Iyali a matakin majistare da na Babbar Kotu domin irin waɗannan ƙararraki. Sashe na 205 ya kare sirrin yaro, ya hana yaɗa abin da zai sa a gane shi. Sashe na 212 ya ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, kuma na ɗan lokaci mafi gajarta. Sashe na 221 ya hana a yanke wa yaro hukuncin ɗauri a gidan yari, ko bulala, ko kisa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta sake jaddada cewa in yaro ne ake zargi, Dokar Kare Haƙƙin Yara ce za a bi.

Mafi muhimmanci ga lauyan gwamnati shi ne sashe na 209. Wannan sashe ya ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kammala maganar yaro ba tare da an je kotu ba, idan laifin ba babba ba ne, ta hanyar sulhu, ko sa ido a kansa, ko yi masa nasiha, ko mayar da abin da ya ɗauka, ko biyan diyya ga wanda aka cuta. Ma'ana, yaron da ya saci kaya a kasuwar Wuse ko ya fasa gilashin mota a Nyanya, doka ta fi son a zaunar da iyayensa da mai kaya da jami'in jin daɗin jama'a a warware, a kan a kai shi ɗakin tsaro inda zai kwana da riƙaƙƙun ɓarayi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu rubuta dokar sun san haka, shi ya sa suka danƙa wannan iko a hannun wanda ya fara ganin fayil.

Abin tambaya shi ne me ya sa ba a cika amfani da ikon ba. Dalili na farko shi ne ma'aunin da ake auna aikin mai gabatar da ƙara da shi. Rahoton ƙarshen shekara na hukumomi yakan ƙirga ƙararrakin da aka shigar da waɗanda aka yi nasarar samun hukunci a kansu. Lauyan da ya kwashe mako guda yana neman iyayen yaro, yana lallashin mai kaya ya karɓi diyya, yana rubuta yarjejeniya, ba shi da gurbin da zai sa wannan wahala a rahotonsa. Wanda ya tura fayil kotu cikin sa'a guda shi ake ganin ƙoƙarinsa. Jami'i kuwa yakan bi abin da ake saka masa a kai.

Dalili na biyu shi ne shekaru. Yara da yawa a ƙasar nan ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Idan aka kama yaro ɗan shekara 15 mai tsayi, abu mafi sauƙi ga mai bincike shi ne ya rubuta 18 ko 20, domin hakan ya raba shi da neman Kotun Iyali da neman wurin ajiye yara. Lauyan da ya karɓi wannan lamba ba tare da ya ga yaron da idonsa ba, ko ya nemi bayanin iyaye da makaranta da likita, ya sa hannu a kan zalunci bai sani ba. Wasu jami'an kuma sukan kafa hujja da dokar Final Kod, wadda ta ce yaron da bai kai shekara bakwai ba ba ya ɗaukar alhakin laifi, wanda bai kai 12 ba kuma sai an tabbatar yana da hankalin gane abin da ya aikata. Wannan tanadi yana magana ne a kan ko za a iya ɗora wa yaro laifi. Bai ba kowa izinin kai shi kotun manya ko ɗakin tsaron manya ba.

Dalili na uku shi ne rashin wurin kai yaron. Gidajen horar da matasa masu laifi na Gwamnatin Tarayya da suka daɗe suna aiki uku ne, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ga ƙasa mai jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya. Gidajen ajiye yara na jihohi da yawa sun lalace, jami'an jin daɗin jama'a sun yi kaɗan, waɗanda ke akwai ma sau da yawa ba su da abin hawa na zuwa gidan iyayen yaro. Lauyan da ya so bin doka yakan tarar da doka ta nuna masa ƙofar da babu ɗaki a bayanta.

Dalili na huɗu shi ne matsin lamba. Idan fayil ya zo da sunan babban mutum a kansa, ko laifin ya tayar da ƙura a kafofin sada zumunta, ƙaramin lauya yakan ji tsoron rubuta cewa hujja ba ta isa ba, ko cewa wanda ake zargi yaro ne. Wannan darasi ya shafi masu taimaka wa ministoci da 'yan majalisa da shugabannin hukumomi kai tsaye. Kiran waya guda daga ofishin mai gida, ana cewa a tabbatar yaron ya ɗanɗana kuɗarsa, na iya jefa ɗan wani cikin watanni na tsare, ya kuma jefa gwamnati cikin irin kunyar da ta sha a watan Nuwamban 2024.

Duk wannan bai wanke yara daga laifi ba. Akwai yaran da suka soka wa mutane wuƙa a wajen ƙwacen waya, akwai waɗanda suka yi fyaɗe, akwai waɗanda 'yan bindiga ke amfani da su wajen leƙen asiri da kai saƙo. Waɗanda aka cuta suna da haƙƙi, kuma lauyan gwamnati shi ne muryarsu a kotu. Uwar da aka kashe wa ɗa ba za a ce mata ta haƙura don wanda ya kashe shi bai kai 18 ba. A irin waɗannan manyan laifuka wajibi ne a gabatar da ƙara da cikakkiyar hujja, a gaban kotun da doka ta tanada, a nemi hukuncin da zai tsare al'umma ya kuma gyara yaron. Wajibi ne kuma a bi sawun babban da ya ba yaron makami ko ƙwaya ko ya karɓi kayan sata a hannunsa. Shari'ar da ta tsaya a kan yaro ta bar mai aikensa yana yawo ba ta kammalu ba.

Gyaran bai fi ƙarfin gwamnati ba. Ya kamata Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida cewa ba za a shigar da tuhuma a kan duk wanda ake kyautata zaton yaro ne ba sai lauyan ma'aikatar ya gan shi, ya tantance shekarunsa, ya kuma rubuta dalilin da ya sa sulhu ba zai yiwu ba. Inda aka yi shakkar shekaru, a ɗauke shi a matsayin yaro har sai an tabbatar da akasin haka. Wa'adin kwana 14 da dokar 2015 ta ba ofishin Antoni-Janar na bayar da shawarar shari'a bayan karɓar fayil, a fara cika shi a kan fayilolin yara. Ziyarar wata-wata da dokar ta ɗora wa alƙalan majistare su kai ofisoshin 'yan sanda, a tabbatar ana yin ta, ana kuma fara tambayar ko akwai yaro a tsare.

Haka nan ya kamata a ware lauyoyi na musamman a kan shari'ar yara, a horar da su tare da 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a da lauyoyin Hukumar Bayar da Tallafin Shari'a, a kuma sauya fom ɗin auna aikinsu ta yadda shari'ar da aka warware ta sulhu za ta shiga lissafin nasara. Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ofishin kasafin kuɗi su sa kuɗin gyara gidajen horar da yara da gina sababbi a cikin kasafi, su kuma bibiyi sakinsa. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara tun 1991, ta yi dokarta tun 2003. Abin da ya rage shi ne kuɗi da ma'aikata da bin ƙa'ida.

Yaran 1 ga Nuwamba sun kuɓuta ne saboda kyamarori sun gan su. A ofisoshin 'yan sanda da kotunan majistare na Gwagwalada da Kuje da Bwari da sauran sassan ƙasar nan, babu kyamarar da za ta ga yaron da aka kawo da daddare. Wanda zai gan shi shi ne lauyan da fayil ɗinsa ya sauka a teburinsa. Haƙƙin gwamnati ne ta horar da wannan lauya, ta ba shi kayan aiki, ta kuma tsaya masa ranar da ya ce wannan yaro ne, doka ta hana a kai shi can.