Ɗakin Wa Ake Nufi da "Zafin Ɗaki"?

Akwai wata ƙa'ida da ake koya wa kusan duk wanda ya shiga aikin otal, daga Paris har Abuja da Yamai: jar giyar inabi a zafin ɗaki ake kawo ta, fara kuwa da sanyi. Ana haddace ta, ana maimaita ta, ba mai tambayar ɗakin wa ake nufi. Ƙa'idar, a yadda ake faɗinta yau, kuskure ce, kuma kuskurenta bai tsaya a bakin kwalba ba. Mai karatun da addininsa ya hana shi kusantar giya ba gayyatarsa ake yi ya sha ba. Abin da ake so ya gani shi ne yadda magana ke baro ƙasarta ta manta ma'anarta a can.

Asalin maganar Faransa ne. Faransawa suna da kalmar "chambré", daga sunan ɗaki a harshensu, ma'anarta a ɗauko kwalba daga ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa a bar ta ta saba da ɗakin cin abinci. Ma'ajiyar tana kan digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas. Ɗakin kuwa, a gidajen dutse na zamanin da ba a ƙirƙiro na'urar ɗumama gida ba, bai cika wuce digiri 16 zuwa 18 ba. Ke nan abin da suka kira ɗumamawa ƙarin digiri huɗu ne ko biyar. A ma'aunin mutumin Kano, wannan sanyin safiyar hunturu ne. Yau gidan Paris kansa ya fi haka ɗumi, balle Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Kalmar ta zauna yadda take, ɗakin ne ya sauya.

Ba ƙaƙale ba ne, dalilin a fili yake. Zafi yana gaggauta tashin tururin barasa, don haka da giyar ta haura digiri 20 sai warin barasar ya fara danne ƙamshin inabin. Sanyi kuma akasin haka yake yi: yana kulle ƙamshi, yana ƙara fito da bauri, irin wanda mai cin goro ya sani. Jar giya ta fi bauri, domin da ɓawon inabin ake jiƙa ta, shi ya sa ba ta jure sanyi sosai. Mai nauyi irin ta Bordeaux tana son digiri 16 zuwa 18, marar nauyi irin ta Beaujolais 12 zuwa 14, fara 8 zuwa 12, shamfen kuwa wajen 8 zuwa 10. Firijin gida yana kan digiri 4 ko kusa da haka. Saboda haka ma'aikacin da ya ciro fara daga firiji ya sauko da ja daga kanta ya yi kuskure biyu a tire ɗaya: ɗaya ta yi sanyi fiye da kima, ɗaya ta yi zafi.

Ajiya ma ta fi muni. Masana kimiyyar sinadarai suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin sauyin da ke faruwa a cikin abu. Kwalbar da aka yi don ta zauna a digiri 13, aka ajiye ta a 33, tsufanta zai ninka kusan sau huɗu, kuma ba tsufan kirki ba. Zafi yana kumbura ruwan ya tura matoshin, sanyin dare ya janye shi, iska ta sami hanyar shiga. Shi ya sa ake kwantar da kwalba don matoshin ya zauna a jiƙe, a wuri mai duhu da laima, inda ma'auni ba ya hawa da sauka. Ramukan alli na birnin Reims, waɗanda aka fara haƙa tun zamanin Rumawa, suna kan digiri 10 zuwa 12 rani da damina, kuma suna cikin wuraren shamfen da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2015.

Masu kare ƙa'idar sukan ce ɗanɗano ra'ayi ne, kowa da abin da bakinsa ke so. Gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya zaɓi abu da zafi bayan ya san bambancin ya yi zaɓi. Wanda aka miƙa wa lalataccen kaya da sunan bin ƙa'ida an cuce shi ne kawai. Sukan kuma kawo misalin giyar Madeira, tsibirin Fotugal, wadda ake dafawa da gangan a digiri 45 zuwa 50 na aƙalla wata uku. Misalin ma a kansu yake komawa: masu yin ta sun san lambar, sun san tsawon lokacin, sun san abin da suke nema. Zafin sito mai rufin kwano ba ya lissafi.

A nan ne maganar ta shafi wanda bai taɓa riƙe kwalbar giya ba. Wannan jimla ta "zafin ɗaki" tana yawo a kan magunguna ma. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya fassara ta da digiri 15 zuwa 25, na Amurka 20 zuwa 25. Insulin da ba a buɗe ba digiri 2 zuwa 8 yake buƙata. Kantin magani a Sakkwato ko Damagaram, a watan Afrilu, ba wuta ba fanka, ba ya cikin ɗakunan da waɗancan kundaye suka yi nufi. Giyar da ta dahu asarar kuɗi ce. Maganin da ya dahu yana iya rage ƙarfi ba tare da kamanninsa sun sauya ba, mai ciwon sukari ya yi allura ya zaci ya yi magani.

Gyaran ba shi da tsada. Malamin makarantar koyon aikin otal ya daina cewa "ɗaki", ya faɗi lamba. Manajan sito ya rataya ma'aunin zafi a bango, ya riƙa dubawa da azahar, lokacin da rana ta fi ƙuna. Mai sayen magani ya juya kwali ya karanta adadin digirin da aka rubuta, sannan ya dubi kantar da aka sauko masa da shi. Duk ƙa'idar da ta zo daga wata ƙasa ba tare da lamba ba, tambayar farko da ta cancanta ita ce: a wane ɗaki aka auna ta?