GYARA KAYANKA: Agogon Babur Ya Tsaya

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya shiga gonakin Kura, Kadawa da Bunkure, babur ya zama jakin manomin rani. Shi ke kai taki gona, shi ke kai tumatir Kwanar Gafan, shi ke kai yara makaranta. Har yau akwai tsofaffin Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, suna wannan aiki. Amma ka leƙa goshinsu, yawanci allurar agogo tana kwance ba motsi. Maigida ya ce, ai babur yana tafiya.

Yana tafiya kam, amma a makance. Hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa Kura, manyan motoci ba su fasa wucewa. Kadan gudunka ya ninka biyu, nisan da birki zai ci kafin ka tsaya ya ninka huɗu. Mai goyon mata da yaro ya kamata ya san gudunsa. Kuma lambobin agogon su ke gaya maka lokacin juye baƙin mai.

Ga yadda abin yake aiki. A cibiyar ƙafar gaba akwai ɗan giya. Shi ke juya wata waya cikin kube har zuwa agogo. Can wayar tana juya mayen ƙarfe, shi kuwa yana jan allura. Iyakar ke nan.

To, kafa babur a kan sanda biyu, ka kwance wayar daga gindin agogo. Sa yaro ya juya ƙafar gaba, kai kana duban bakin wayar. Kadan bai juya ba, zare cikinta ka gani. Mai yiwuwa ta tsinke, sai ka sayi sabuwa. Tafi da tsohuwar kasuwa domin tsawo ya zo daidai. Kadan wayar lafiya take, laifin yana cibiya. Sau da yawa bayan an yi faci ne aka mayar da ƙafa, haƙoran giyan ba su shiga gurbinsu ba.

Allura mai rawa kuwa ƙishin mai take ji, gama ƙurar hunturu da taɓon bakin kanal suna shiga kuben. Wanke wayar da kananzir, ka shafa mata giris kaɗan. Bar wajen taƙi guda daga sama ba giris, domin kada ya hau cikin agogo ya danƙare allura. Kada kuma wayar ta lanƙwashe ƙwarai wajen mayarwa.

In lambobi suna tafiya, allura kaɗai ta ƙi, ciwon yana cikin agogo. Wannan aikin bakanike ne, kada ka ɓalle gilashin da wuƙa.

Bayan gyara sai gwaji. A gudun kilomita 60, kilomita ɗaya minti ɗaya ne. Duba kuma ko agogonka na mil ne, gama mil 40 ya kai kilomita 64.

Abu guda ya rage. Wanda ya iya kwance agogo ya iya mayar da lambobi baya ranar sayarwa. Wannan mudun zamba ne, ko da mai saye bai gane ba. Bar babur ya faɗi shekarunsa.

Sai wata mai zuwa, za mu duba sarƙa.