Labarin Zuciya A Tambayi Fuska, Amma A Iya Tambaya

Duk wanda ya ratsa ta wurin teloli a Kasuwar Kure da ke Minna, ya tsaya ya lura, zai ga abin da ba a cika kula da shi ba. Tela na yanka yadi, muƙamuƙinsa na motsi tare da almakashi. Mai gyaran rediyo ya haɗa gira kamar an yi masa laifi. Mai lissafin ciniki ya ɗaga kai sama, leɓɓansa na motsi ba sauti. Babu ɗayansu da ya san yana yi, ba kuma wanda ya kira su wawaye. Amma da zarar yaro ɗan firamare ya fito da harshe yana rubutu, ko ya kau da ido sa'ad da aka yi masa tambaya, sai ya sha ranƙwashi, a ce dolo ne ko marar kunya. Wannan zalunci ne, ko da yake da kyakkyawar niyya akan yi shi.

Masana sun daɗe da lura da wannan al'amari. Tun cikin 1872 Charles Darwin, mutumin Ingila, ya rubuta cewa masu yanka da almakashi sukan motsa muƙamuƙi, yara masu koyon rubutu kuma sukan murɗa harshe. A 1937 likita Wilder Penfield ya nuna a Kanada cewa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa hannu yana maƙwabtaka da mai sarrafa fuska da baki. A 2015 kuma Gillian Forrester da Alina Rodriguez suka lura da yara 14 'yan shekara 4, suka ga harshe na leƙowa yayin da hannu ke aikin da ke bukatar natsuwa. Kau da ido ma haka yake. Binciken da aka buga a 2006 daga Jami'ar Stirling ta Sikotilan ya nuna yara 'yan shekara 5 da aka koya wa kau da ido lokacin tunani sun fi ba da amsa daidai. Watau yaron da ya dubi bango ba raina malami ya yi ba, amsa yake nema.

Wannan magana ta fi shafar ku, 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, na Sabon Badun da Agege da Idi-Araba da Shagamu da Anacha da Fatakwal. 'Ya'yanku da yawa suna haɗa allo da boko. A makarantar allo yaro ya saba da rangaji, yana kai gaba yana komowa baya, kamar yadda Yahudawa ma suke yi wajen karatun littafinsu. In ya shiga aji da wannan sabo, malamin da bai taɓa zama a tsangaya ba sai ya ɗauka wasa ne, ya aika wa uba ƙara. Uba ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya ƙara wa yaro bulala. Da haka yaro ke tsanar makaranta, alhali kuwa mai da hankali ne kaɗai laifinsa. Ƙarshenta a same shi yana tura baro, mu kuma mu ce Arewa an bar ta a baya.

Wani zai ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Cin farce da tauna biro ƙazanta ce, a hana su da lallashi. Amma tarbiyya ba ta cika sai an bambanta abin da za a bari da abin da za a kai asibiti. Yaron da ke matse ido in ya dubi allon bango, ko ya kai littafi har hanci, a auna idonsa, watakila tabarau yake bukata. Wanda ke juya kunne ɗaya wajen mai magana, a duba jinsa. Wanda yakan ƙame na 'yan daƙiƙu, ido a buɗe, a kira shi bai amsa ba, sa'an nan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, a gaggauta ganin likita, domin akwai irin farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum. Bulala ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, watau NECO, wadda aka kafa a 1999 zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, mai hedkwata a nan Minna, da ta sa wannan darasi cikin horon masu tsaron jarrabawa, don kada a ɗauki motsin leɓe ko kallon rufi a matsayin satar amsa. Gwamnatocin jihohi su riƙa auna ido da kunnen yara tun daga aji ɗaya. Sarakunan Hausawa na Kurmi kuma su ja hankalin iyaye su riƙa zuwa makaranta da ƙafarsu su ji ba'asi kafin su ɗauki bulala.

Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji magabata. To, a tambaye ta da sani. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.